Taswirar maganadisu da jirgi ke ɗauka, me take nunawa a ƙarƙashin ƙasarmu?

Malamin_Gwaram:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah tambaya gareni ga waɗanda suka karanta jiyoloji ko jiyofiziks. Akwai wata taswira da ake ta turawa a guruf ɗinmu na 'yan gari a WhatsApp, mai launi-launi, ja da ruwan hoda da kore da shuɗi, ance jirgi ne ya ɗauko ta daga sama, wai duk inda kaga ja to gwal ne kwance a gurin, shuɗin kuma man fetur ne. Har wani kawuna ya fara maganar zai sayi wata gona saboda ta faɗo cikin jan, kuma wlh gonar fako ce ko gero bata yi sosai.

Ni fiziks nake koyarwa a sakandare, nasan dai kamfas da maganadisu irin na cikin littafi, amma abinda ya ɗaure min kai shine ta yaya jirgi yana sama zai san abinda ke ƙarƙashin ƙasa, kuma har zurfin nawa yake iya gani? A gefen taswirar an rubuta nT da wasu lambobi. Sannan wayata tana da kamfas a ciki, shin zan iya gwada irin wannan awon da ita ko kuwa wasa ne? Ayi min bayani yadda nima zan iya yiwa ɗalibaina da kawu. Nagode.

Tsohon_Safiyo:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai ka riƙe kawu, kada ya fidda kuɗinsa akan launi. Launin nan wanda ya haɗa taswirar ne ya zaɓe shi a kwamfuta, ja da ruwan hoda na nufin na'ura ta karanta sama da abinda ake tsammani a gurin, shuɗi kuma ƙasa da shi, shikenan. Gwal baya jin maganadisu ko kaɗan, man fetur ma haka, don haka babu jirgin da zai gansu ta wannan hanyar.

Ga yadda abin yake. Duniya ita kanta maganadisu ce, ƙarfin daga can ciki yake fitowa inda narkakken ƙarfe ke juyawa, wajen kilomita 2,900 ƙarƙashin ƙafarka. A nan Arewa ƙarfinsa yana kai nanotesla 33,000 zuwa 34,000, wato ma'aunin ƙarfin maganadisu, nT ɗin da ka gani kenan, can ƙuryar arewa da ta kudu na duniya kuma yana kai wajen 60,000. To duwatsun da ke ɓawon duniya wasunsu suna da wani baƙin ma'adini a jikinsu, magnetait, shi kuma idan yana zaune cikin wannan ƙarfin sai ya zama ɗan ƙaramin maganadisu da kansa, ya ƙara ko ya rage wani abu akan na asalin. Masana suna da lissafin yadda ƙarfin cikin duniyar ya kamata ya kasance a kowane guri, IGRF ake ce masa, duk shekara biyar ake sabunta shi. Idan jirgi ya auna sai a cire wannan lissafin, ɗan abinda ya rage, wani guri 20, wani guri 150, wani guri ragi 300, shine na duwatsu, shi ake zanawa da launi.

Yanzu wane dutse ne ke magana wane ne shiru? Dutsen yashi, laka, dutsen siminti irin na Kalambaina da Ashaka, duk waɗannan kusan shiru suke. Masu maganar sune tsofaffin duwatsun gindi da komai ke zaune a kansu, giranait da nais da danginsu da suka ƙare samuwa a rikicin da ya haɗa nahiyar nan kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, sai kuma baƙin dutsen aman wuta irin na Biu. Don haka abinda taswirar ke nuna maka shine siffar dutsen gindin, ina ya taso kusa, ina ya nutse aka binne shi da yashi, ina ya tsage, ina wani dutsen daban ya kutso ta cikinsa. Ko ƙasar noma ta rufe gurin ko rairayi irin na Yusufari, maganadisu bai damu ba, ratsawa yake. Amfaninsa kenan, ba kaɗan bane, amma ba shine abinda ake faɗa muku a guruf ba.

An yi wannan awon a Najeriya tun shekarun 1970, lokacin tazarar layi da layi kilomita 2 ce. Taswirar da ke yawo a wayoyi galibi daga aikin baya ne wanda kamfanin Fugro ya yiwa hukumar safiyon ƙasa ta NGSA wajajen 2005 zuwa 2010, da tallafin Bankin Duniya a wani ɓangaren. Jirgin ƙarami ne, yana tashi mita 80 kacal daga ƙasa, yayi layi miƙe ya juyo ya sake wani da tazarar mita 500, na'urar tana can a ƙarshen wani dogon bututu a jelarsa don ta nisanci ƙarfen injin. A 2021 an fara wani zagayen a wasu jihohi ƙasa-ƙasa fiye da haka, har sai da ma'aikatar ma'adinai ta riƙa fidda sanarwa kada mutane su firgita.

Amma ga wani abu da yawancin masu tura taswirar basu sani ba, kuma ya shafe mu mu 'yan Arewa musamman. Layin tsakiyar maganadisun duniya ta kanmu ya ratsa, wajajen Zariya haka. A Turai ko Kanada ƙarfin yana sokawa cikin ƙasa kusan a tsaye, don haka dutse mai magnetait yana bada ja daidai a kansa. Mu a nan ƙarfin a kwance yake tafiya, daga kudu zuwa arewa, to idan dutse mai magnetait na binne a guri sai na'ura ta karanta RAGI a daidai kansa, jan kuma ya fito a gefensa na arewa da na kudu. Kaga kenan ko da kawu dutsen mai ƙarfe yake nema, a ɗanyar taswira shuɗin zai bi ba jan ba. Sai an yi wani gyara a kwamfuta kafin siffar ta zauna daidai kan dutsenta, kuma taswirar WhatsApp ba zata gaya maka ko an yi gyaran ko ba'a yi ba.

Ɗan_Rami:

Baba Safiyo Allah ya ƙara girma amma ni fa akwai inda ban yarda ba. Mu da muke cikin rami mun sani, idan kana wankin ƙasa a kwano abinda ke zama a ƙasa tare da gwal ai baƙin yashin nan ne, kuma da mayen ƙarfe na tsohuwar sifika muke cire shi, yana manne masa caɓa-caɓa. To in baƙin yashi na jin maganadisu kuma tare suke zama da gwal, ya za'ace jirgi baya ganin gurin gwal? Kuma naga ditekta, na'urar nan ta neman ƙarfe a ƙasa, tana kuka akan gwal ɗin da kace baya ji. Mu dai abinda muka ɗauka sun san inda komai yake, taswirar gaskiyar tana hannun manya da 'yan China, mu aka barmu da haƙa a makance, wani yayi rami gaba goma sha bai samu ko na cefane ba.

Yar_Samaru:

Slm. Baba yayi bayani mai kyau, bari in ɗauki tambayar zurfi tunda akanta nake aikin digiri na biyu, maganar Ɗan Rami na barwa Baba.

Malam jirgi baya auna zurfi kai tsaye, daga siffar abinda aka karanta ake ciro shi. Dutsen da ke kusa da sama yana bada alama siririya mai kaifi, ka wuce ta cikin mita ɗari biyu ko uku. Wanda yake can ƙasa kilomita biyar ko goma alamarsa faffaɗa ce mai laushi, ta shimfiɗu kilomita ashirin. Kaman ana kiɗan biki a unguwa mai nisa ne, kana ɗaki dum-dum ɗin babbar ganga kawai ke iso maka, kalangu da tafi sai ka matso kake jinsu. To akwai lissafin da ke rarrabe taswirar gida-gida, siraran alamu gefe, faffaɗan gefe, daga yadda ƙarfinsu ke raguwa a ciro matsakaicin zurfi. Spector da Grant suka kafa hanyar a 1970 kuma har yau ita muke amfani da ita da 'yan gyare-gyare.

Abu biyu muke nema da ita. Na farko zurfin saman dutsen gindi, wato kaurin yashi da lakar da suka taru a kansa, kuma nan ne maganar fetur ke shigowa. Sai kaurin ya kai kamar kilomita 2 zuwa 3 kafin zafi ya isa ya dafa abinda aka binne ya zama mai. Shi yasa idan ka duba taswirar gaba ɗaya zaka ga Kano, Katsina, Kaduna, Zamfara ta gabas duk a yamutse suke da ƙananan alamu saboda dutsen gindi na waje, amma kana shiga Borno ko kwarin Gongola sai launin ya kwanta lumui saboda dutsen ya nutse. Kwarin Sakkwato shima lumui ne amma a ɓangarenmu bashi da kauri sosai, sai an nausa Nijar yake ƙara zurfi. Wannan lumui ɗin yana cewa akwai kwano mai zurfi, baya cewa akwai miya a ciki. A Borno NNPC ta haƙa rijiyoyi 23 a baya, alamar gas kawai aka gani a biyu, Wadi da Kinasar. Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe kuma sai da aka bi da awon girgiza, wanda ake aika sauti ƙasa a saurari dawowarsa, sannan aka haƙa, aka sanar da samun mai a 2019. Maganadisu shine mai arha da ake fara yi don a san inda ya cancanci a kashe manyan kuɗin.

Na biyu shine gindin, inda maganadisun dutse ke ƙarewa. Magnetait idan zafi ya kai digiri 580 sai ya saki maganadisunsa, ana kiran wannan da sunan Pierre Curie. Tunda zafi na ƙaruwa da zurfi, akwai wani zurfi da daga shi duk dutsen da ke ƙasa shiru ne. Idan ka samo wannan zurfin ka samu ma'aunin zafin cikin ƙasa kyauta. Misali ace ka samu kilomita 20, raba 580 da 20, kusan digiri 29 kenan a kowace kilomita, wanda daidai ne da abinda aka saba gani a nahiya. Idan ka samu 10 to gurin da zafi sosai, masu neman wutar lantarki daga zafin ƙasa zasu so su leƙa. Kuma muna da alamu a fili, Wikki a Yankari ruwansa digiri 31 ne dare da rana, akwai Ruwan Zafi a Lamurde ta Adamawa da yafi shi zafi nesa.

Amma gsky a nan ne nake da ƙorafi akan mu kanmu ɗalibai. Bayanan ana bada su ne shit-shit, wato falle-fallen taswira, kowane shit rabin digiri ne, kusan kilomita 55 a 55. Sai kaga mutum ya sayi shit ɗaya saboda kuɗinsa kenan, ya yanka shi gida tara, kowane yanki bai kai kilomita 20 ba, sannan ya rubuta wai ya gano gindin maganadisu a kilomita 25. Ta ina? Alamar abinda ke kilomita 25 faɗinta yafi yankin naka gaba ɗaya, bata ma shiga cikin hotonka ba. Sai faɗin yankin ya ninka zurfin sau da yawa, kilomita 150 zuwa 200 ko fiye, kafin lambar tayi ma'ana. Kwamfuta dai duk abinda ka bata zata fito maka da lamba har da ɗigo biyu, kuma a zana da ja ace an gano gurin zafi.

Sannan ko an yi daidai, gindin da ka samo ba lallai zafi ne ya yanke shi ba, yana iya yiwuwa dutsen mai magnetait ne kawai ya ƙare aka shiga wani iri. Shi kaurin ɓawon duniyar kansa, wanda a yawancin Najeriya yake tsakanin kilomita 30 zuwa 40, da awon girgizar ƙasa ake samunsa, irin tashoshin da cibiyar Toro ta Bauchi ke kula dasu, da kuma awon nauyin ƙasa. Farfesa Deborah Ajakaiye tayi aikin awon nauyin nan sosai a ABU akan duwatsun Jos da kwarin Binuwai tun kafin a haife mu. Duk wanda ya kawo maka sakamakon maganadisu shi kaɗai ba tare da ya jingina shi da ɗayan waɗannan ba, ka karɓa da hannu ɗaya.

Badamagare:

Ina gaisuwa daga Damagaram. Malama ta burge ni. Ina so in ƙara wani abu da taswirar ke nunawa ƙarara wanda ya haɗa mu da ku, wato duwatsun nan masu zobe. Tsofaffin duwatsun aman wuta ne da samansu ya cinye, saura gindin, idan ka dube su daga sama zagaye suke. Jerinsu ya faro tun daga Ayar wajen Agadas, ya biyo ta nan Damagaram da Munyo wajen Gure, ya shiga wajenku ta Dutse, Birnin Kudu, Ningi, Riruwai har Jos. Abin mamaki shekarunsu raguwa suke in kana yin kudu, na Ayar sun haura miliyan 400, namu wajen 300, na Dutse sama da 200 kaɗan, na ƙarshen can kudu da Jos wajen 140. Kuza da kolombait ɗin Jos da Riruwai duk daga cikinsu suke. A taswirar maganadisu zoben na fitowa, har wanda rairayi ya rufe ana iya hango shi, kuma ku mutanen Gwaram ai kuna gefen jerin, to jan da kawu ya gani mai yiwuwa gefen irin wannan ne ko wata jijiyar baƙin dutse kawai.

Maganar mai kuma mu nan Agadem tun 2011 ake ɗiba ana kawowa matatar Soraz, kuma kwarin da ke can dangin na Borno da na Doba ta Chadi ne, duk lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu suka tsage. Amma zama dangi baya nufin abinda ke cikin wannan yana cikin wancan.

Tsohon_Safiyo:

Ɗan Rami ƙanena tambayarka tafi ta kowa ma'ana, kuma abinda ka gani da idonka gaskiya ne. Baƙin yashin magnetait ne da ɗan uwansa ilmanait. Abinda ya tara su guri ɗaya da gwal a kwanonka nauyi ne, ruwa ya kwashe mara nauyi ya bar masu nauyi, a rafi ma haka yake faruwa. Amma baƙin yashi yana kusan kowane rafi da ya gangaro daga dutse, je ka duba bayan ruwan sama zaka ganshi layi-layi a bakin hanya, gwal kuwa ba ko'ina ba. Kuma ɗan abinda ke cikin rafi yayi kaɗan jirgi ya ji shi daga mita 80. Ita ditekta aikinta daban, ita ke aika nata ƙarfin cikin ƙasa, duk ƙarfen da lantarki ke bi ta jikinsa ya amsa mata, gwal ko gwangwani ko dalma, kuma iyakarta taku ɗaya ko biyu.

Inda taswirar ke taimakon mai neman gwal shine tsaga. Gwal ɗin Anka, Maru, Birnin Gwari, Yawuri duk a jijiyoyin farin dutse yake, waɗanda ruwan zafi ya cika a cikin tsagogin dutse tun zamanin da. Manyan tsagogin biyu sanannu ne, wadda ta bi ta Anka da Yawuri da wadda ta bi ta Kalangai da Zungeru, kuma ƙananan rassansu ne ke ɗauke da kayan. Wani lokaci ruwan zafin yana cinye magnetait ɗin dutsen da ya ratsa, sai tsagar ta fito a taswira kamar siririn layi mara ƙarfi. To kamfani zai bi layin, ya ɗebi ƙasa a kai ɗakin gwaji, ya tona kwalbati, sannan ya kawo injin huda. A cikin layi goma wataƙila ɗaya ne ke da abin kirki. Ba wata ɓoyayyar taswira mai alamar gwal, bayanan ana sayensu a hukumar, ɗalibai ma suna saye, abinda manyan ke dashi wanda baka dashi shine kuɗin huda da gwaji.

Kuma nan ma zamanmu a layin tsakiya yana cutar mu. Tunda ƙarfin kudu-arewa yake tafiya a kwance, duk jijiya ko tsagar da ta miƙe kudu-arewa sak kusan bata barin alama, sai a bakinta biyu. Wadda ta gitta gabas-yamma ita ke fitowa raɗau. Duwatsun gwal ɗin namu kuwa yawancinsu kudu-arewa suka miƙe da ɗan karkata gabas. Shi yasa idan naga takarda ta zana layuka tace yawancin tsagogin yankin gabas-yamma suke, nakan tambaya ko marubucin ya taɓa taka gurin, don wani lokacin abinda na'ura ta iya gani ya ƙirga, ba abinda ke ƙasa ba.

Wani abin kuma da taswirar bata gaya maka, dalma. Itama bata jin maganadisu. Dutsen gwal ɗin Bagega da Dareta da 'Yargalma cike yake da ita, aka riƙa daka shi a cikin gida, a 2010 yara sama da 400 suka rasu. Dan Allah in kuna daka ku yi nesa da gida, ku jiƙa dutsen, kayan aikin kada su shiga ɗaki.

Malam maganar waya. Tana da na'urar, ka sauke manhajar Phyphox kyauta ce, zaka ga tana nuna maka wajen 33 ko 34 a maikrotesla, wato dubu 33 ɗin da na faɗa. Matsalar rawar da lambar ke yi ita kaɗai ta kai ɗaruruwan nanotesla, abinda muke nema kuma sau da yawa bai kai hakan ba. Ta aikin gaske da muke ɗauka a ƙafa wata 'yar gora ce akan sanda, cike da kananzir an naɗe ta da waya, a saka mata wuta na ɗan lokaci a yanke, sai ƙwayoyin haidurojin ɗin ciki su riƙa juyi, saurin juyin shine awon, a nan yankin kusan sau 1,400 a daƙiƙa. Tana gane bambancin nanotesla ɗaya.

Sannan akwai abinda ke wahalar damu a nan wanda Bature a ƙasarsa bai san zafinsa ba. Sama da kanmu kilomita 100 akwai wata igiyar lantarki da ke gudana gabas da rana, daidai kan layin tsakiyar nan, tana ƙarfi wajen azahar. Ka dasa na'ura guri ɗaya kada ka motsa ta, daga safe zuwa rana zata iya canzawa da fiye da 100. In baka ajiye na'ura ta biyu a zaune tana rubuta wannan canjin ka cire shi ba, to rana ka auna ba dutse ba. Na taɓa duba rahoton wani mai haƙar burtsatse da ya nuna wa mai gida tudu a jadawali yace jijiyar ruwa ce, da na dubi lokutan awon sai naga tudun daidai sha biyun rana ya faɗo. Shi neman ruwa ma da awon lantarki ake yinsa, maganadisu sai dai ya nuna maka inda tsaga take.

Malamin_Gwaram:

Kai Alhamdulillah, Allah ya saka da alkhairi Baba, Malama, da ɗan uwa na Damagaram. Na tura wa kawu bayanin da murya. To yanzu in ina so in fita da 'yan aji uku su gani da idonsu, da waya da kamfas kawai, akwai abinda zai fito ko ɓata lokaci ne? Muna da wasu baƙaƙen duwatsu a bayan makaranta.

Yar_Samaru:

Zai fito Malam in kun zaɓi abu mai ƙarfi. Ku fara da mayen ƙarfe a leda, ku ja shi cikin yashin rafi su ga baƙin yashin da kansu, sannan ku gwada shi a jikin duwatsu daban-daban, farin dutse, giranait, da baƙin na bayan makarantar. Wanda ya ɗan kama, ku kusanto da kamfas jikinsa a hankali ku ga ko allurar zata kauce. In ta kauce to shi zaku ratsa da waya.

Ku ja layi kudu zuwa arewa ya haye kan dutsen, ku fara tun daga nesa dashi, kowane taku biyar a tsaya a rubuta. Waya ɗaya za'ayi amfani da ita, mutum ɗaya ya riƙe ta, tsayi ɗaya, tana kallon gefe ɗaya, a kowane guri a karanta sau uku a ɗau matsakaici. Mai riƙon ya cire makulli da bel da agogo, in gidan wayar mai maganadisu ne a cire shi. Ku nisanci rufin kwano, taransifoma, shingen waya da turakun wuta. Ku yi da sassafe kafin tara, kuma in kun gama ku koma gurin farko ku sake karantawa a rubuta lokaci, bambancin da kuka gani tsakanin karatun farko da na ƙarshe shine girman kuskurenku, duk tudun da bai fi shi ba kada yara su kira shi komai. In kuna da fili ku binne tsohon bututun ƙarfe a gefe ba tare da sun ga gurin ba ku ce su nemo shi, wannan kam waya na jinsa. Babur ɗinku a barshi bakin titi.